Ruwan hayaƙi: yadda ake haɗa shi, a sirka shi, a gwada shi kan iri kafin a kai garka

A madafar gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram akwai wata igiya saman murhu wadda ban taɓa ganinta babu kaya ba. Busasshiyar kuɓewa ce rataye, da masara uku ko huɗu da aka ɗaure da ɓawonsu, da ƙullin irin yakuwa cikin tsumma, duk sun yi baƙi da kunkunniya. Ina yaro na tambayi kakata, "Inna, me ya sa ba a kai su ɗaki?" Ta ce, "Ɗan nan, ƙwaro ba ya son hayaƙi. Kuma irin da ya sha hayaƙi ba ya nawa a ƙasa." Maganar farko kowa ya yarda da ita. Ta biyun kuwa na daɗe ina ɗaukarta zancen tsofaffi, har na girma na karanta abin da masu binciken tsirrai suka gano, na kuma soma gwadawa a ƴar garkata. A Afirka ta Kudu ma manoman karkara suna rataye irin masara saman murhu, kuma da aka auna a can, an ga wanda ya sha hayaƙin ya fi fitowa da ƙwari.

Sai dai igiyar Inna ta riga ta warware wata matsala da ita kanta ba ta ambata ba. Hayaƙin da ke isa can sama ya huce, kuma kaɗan-kaɗan yake zuwa, yau da gobe. Wanda zai tara hayaƙi cikin ruwa a kwalba, shi zai yi wannan awon da hannunsa. Hayaƙi ba ya ciyar da iri kamar taki. Tashinsa yake yi daga barci, kuma ƙanƙaninsa ne ke tashin, mai yawansa danne iri yake yi. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ratayu.

Abin da ke cikin hayaƙin

A 1990 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, De Lange da Boucher, suka nuna cewa irin wani tsiro na yankin Kef mai suna Audouinia capitata, wanda ya gagari masu reno, yana fitowa idan aka ba shi hayaƙin da ya huce. Babu zafin wuta a ciki, babu toka, hayaƙin ne kawai. Daga nan aka gwada a Ostareliya da Kalifoniya, wuraren da daji ke cin wuta a kai a kai, yau tsirran da aka ga suna amsa wa hayaƙi sun wuce nau'i 1,200. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iri na kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, manyan itatuwa sun tare masa rana. Wuta ta zo ta share su, ruwan sama ya wanke hayaƙin da ya manne a ƙasa ya kai masa, sai ya san fili ya samu.

Gano wane sinadari ne ke wannan aiki shi ya ɗauki lokaci, don hayaƙi ɗauke yake da dubban sinadarai. Ayarin Gavin Flematti da Kingsley Dixon, na Jami'ar Yammacin Ostareliya da lambun Kings Park a birnin Perth, suka dinga ƙona takardar tace ruwa, suna rarraba hayaƙin kashi-kashi, suna gwada kowane kashi kan iri. An yi fiye da shekara goma ana wannan nema. A 2004 suka bayyana sakamakon a mujallar Science, a shekarar ce kuma ayarin Johannes van Staden a Afirka ta Kudu ya isa ga sinadarin nan ɗaya. Daga baya aka raɗa masa suna karikinolid, daga kalmar karik, wato hayaƙi a harshen Nunga, mutanen asali na kudu maso yammacin Ostareliya. Shi da ƴan uwansa ana kiransu karikin, ana rubuta su KAR1 har zuwa KAR6, karikinolid ɗin shi ne KAR1.

Ɗan ƙaramin abu ne: ƙwayar zarra ta kabon 8, ta haidirojin 6, ta oksijin 3, an jera su zobe biyu manne da juna, ɗaya mai kusurwa biyar da ake kira butenolid, ɗaya mai kusurwa shida. Yana samuwa ne idan sukari ko selulos, wato zaren da ke cikin kara da ganye da takarda, ya ƙone. Shi ya sa ba sai da wani itacen Ostareliya ba, karan geronmu ma yana bayarwa. Abin mamakinsa shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata. A gwajin da aka yi da irin salati, giram ɗaya na KAR1 zai isa ruwa sama da lita miliyan 6, bido mai lita 25 fiye da dubu 240 ke nan. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Damagaram cikin watan Afrilu ya san yawan ruwan da ake magana.

A cikin iri akwai wani furotin da ake kira KAI2, an gano aikinsa a 2012. Kamar kwado yake, karikin ne mabuɗinsa. Idan suka haɗu, sai a rushe wani furotin da ke riƙe da iri cikin barci, iri ya ƙara jin haske, ya kuma ƙara yin sinadarin jibarelin da ke tura tsiro waje. Wannan kwado yana nan a tsirran da ba ruwansu da gobarar daji, shi ya sa aka ga tumatir da kuɓewa da wake da masara sun fito da saiwa mai tsawo da ƙwari bayan an ba su ruwan hayaƙi, a gwajin da ayarin van Staden ya wallafa a 2006.

Hayaƙi dai kamar zuma yake, ga zaƙi ga harbi. A 2010 ayarin nan na Afirka ta Kudu ya ware wani butenolid na dabam, ana taƙaita sunansa TMB, wanda ke hana iri tsirowa idan ya yi yawa. Ga kuma asid da sinadaran kwalta da ke ƙona ɗanyar saiwa. Idan aka sirka da ruwa sosai, ƙarfin masu hanawar nan yakan faɗi, karikin kuwa da yake ɗigonsa ma ya isa, sai ya ci gaba da aiki. Masanan suna ganin dabara ce ta daji: yayyafi ba ya wanke mai hanawa, don haka iri ba ya ruɗuwa ya fito, sai ruwa mai ƙarfi ya sauka. Manomin da ya taɓa shuka kan ruwan farko na Mayu sannan sama ta ɗauke mako uku ya san amfanin wannan haƙuri.

Karikin ba shi kaɗai ba ne. A 1997 Keeley da Fotheringham sun nuna iskar naitirojin dayoksaid da ke cikin hayaƙi tana tashin irin wani fure na Kalifoniya, a 2011 kuma ayarin Flematti ya gano giliseronaitiril, wanda ke sakin ƴar gubar sayanid a hankali idan ya jiƙe, wasu iri kuma shi suke jira. Na kawo su ne don a san ruwan hayaƙi gauraye ne, kuma ba abin sha ba ne.

Kayan aiki

Nemi ƙaramin tano ko garwa mai murfi, kamar lita 20, wadda ba ta taɓa ɗaukar fenti ko maganin ƙwari ba. Kai ta wurin mai walda ya huda ƙofa biyu, ɗaya ƙasa kusa da gindi, ɗaya a murfi, ya liƙa guntun bututun ƙarfe a kowace. Na ƙasa taƙi ɗaya ya isa. Na sama ya kai mita guda ko fiye, don a cikinsa hayaƙi zai huce kafin ya shiga tiyo. Karo na farko rowa ta sa na ce a sa mini gajere, mai waldar ya dube ni ya ce, "Malam, robar nan za ta narke fa." Na ce a bari haka. Minti goma ba a yi ba tiyon ya lanƙwashe ya soma wari, ruwan duka na zubar.

Sai tiyo mita biyu, da kwalbar gilashi mai faɗin baki ko bido mai tsabta, da famfon keke. Wanda ke da maƙeri a unguwa ya ari zugazugi, ya fi famfo daɗin aiki. A tanadi laka ɗanya ta toshe bakin murfi, da tsumma mai tsabta na tacewa, da siringi mai mililita 10 daga farmasi, a cire allurar a jefar inda yaro ba zai taka ba.

Abin ƙonawa: karan gero ko na dawa da aka daddatse kamar tsawon yatsa, da ƙaiƙayi, da busasshiyar ciyawa, kilo ɗaya zuwa biyu. A haɗa da ɗan ɗanyen ganye don wuta ta ƙi ruruwa. Kada leda ko roba ko tsumman nailan ko katakon da aka shafa wa fenti ya shiga, kada a tada wutar da kananzir ko fetur. A bar tumfafiya da tinya inda suke, hayaƙinsu ba ya yi wa ido daɗi. Ruwa kuwa lita ɗaya, na sama in an tara, ko na famfo. Ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon kanwa a ƙyale shi, kuma kada toka ta faɗa ciki, don zoben butenolid irin zoben da ruwa mai kaifin kanwa ke buɗewa ne.

Tada hayaƙi

A waje ake yi, a fili, nesa da dannin kara da rumbu, da safe kafin iskar hunturu ta taso. Wutar da ke ci a rufe tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma a ɗaki tana kisa. Ajiye bokitin rairayi kusa.

Zuba garwashi kamar cikin tafi biyu a gindin tanon, dab da bututun ƙasa. Ɗora kara a kai, ka bar shi ya kama sosai, sannan ka ƙara ƙaiƙayi da ɗanyen ganyen har harshen wuta ya mutu hayaƙi ya turnuƙe. Nan ne mutane ke kuskure, suna ganin wuta mai ci bal-bal ita ce mai ƙarfi. Harshen wuta cinye hayaƙin yake yi. An gano zafin digiri 160 zuwa 200 ya isa ya fitar da sinadarin daga busasshen ganye, abin da ake so ke nan, kara yana cin ciki a hankali yana ba da farin hayaƙi mai kauri. Rufe murfi, shafe bakinsa da laka, haɗa famfo a bututun ƙasa, tiyo a na sama, ka nutsa bakin tiyon cikin ruwa.

Kada ka nutsa shi da zurfi. Yatsa huɗu zuwa biyar ƙarƙashin ruwa ya isa, in ya wuce haka famfon ba zai iya tura hayaƙin ba, sai ya nemi hanya ta gefen murfi ya fasa lakar. Soma bugawa a hankali, kamar numfashin mai barci. Za ka ji ruwan yana ɓul-ɓul, kumfa na fashewa da farin hayaƙi a saman kwalbar. In kumfar ta zo babu hayaƙi, wutar ta mutu ko ta cinye karan, a buɗe a ƙara. In bututun sama ya yi zafin da ba a iya kusantarsa, kana bugawa da sauri, ka sassauta, ka naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma. Aiki ne na mutum biyu, ɗaya na famfo ɗaya na lura da laka, don tana tsagewa in ta bushe, sai an riƙa shafa sabuwa. Ni da ƙanena muke yi, kuma kullum sai mun yi gardama kan wa zai zauna ta inda iska ke kai hayaƙi.

Minti 30 zuwa 45 ake yi. Ruwan zai tashi daga fari ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi launin shayi na uku, da ɗan maiƙo baƙi a sama da warin da zai kwana biyu a hannunka. Kafin ka daina bugawa, fara zare tiyon daga ruwa. In ka bar shi a ciki tanon ya soma hucewa, zai zuƙe ruwan baya ya kwarara kan garwashi, wahalar ta tashi a banza. Bar ruwan ya kwanta awa ɗaya, ka tace da tsumma ninki biyu, kwaltar da ta manne a tsumman a jefar da ita. Wannan shi ne uwar ruwa.

Wanda ba shi da tano yana da gajeriyar hanya. A jiƙa farin ƙyalle na auduga, a matse, a shanya shi kamu biyu saman kara mai hayaƙi na rabin awa ana juyawa, sannan a wanke shi cikin rabin lita na ruwa. Ba ya kai na tano ƙarfi, amma yana aiki, kuma a kan wannan dabara lambun Kirstenbosch na Afirka ta Kudu ya yi takardun da suka sha hayaƙi da ake sayar wa masu reno su jiƙa a ruwa.

Sirkawa

Nan ne aikin yake. Za ka ji wani ya ce kashi 1 cikin 10, wani ya ce 1 cikin 500, kuma duk gaskiya suka faɗa. A Ostareliya akan busa hayaƙi cikin lita 20 na awa guda, ruwan bai yi kauri ba, sai a sirka 1 cikin 10. A Afirka ta Kudu akan ƙona kilo 5 na ciyawa a busa cikin rabin lita kawai na minti 45, dole a sirka shi 1 cikin 500 ko fiye. Naka ruwan ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Karanka dabam, wutarka dabam, hannunka a famfo dabam, saboda haka lambar wani ba za ta yi maka ba. Ni da na fara, gani na yi ruwan ya yi kyau, na tsoma irin salati a uwar ruwan kai tsaye. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba, kuma da ban shuka wani gefe da ruwan banza ba, da mai sayar da irin zan zarga.

Samo kwalabe huɗu masu lita ɗaya, ka rubuta lamba a jikin kowace kafin ka zuba komai. A ta farko zuba mililita 100 na uwar ruwa, cikin siringi goma ke nan, ka cika da ruwa zuwa lita: 1 cikin 10. A ta biyu mililita 10: 1 cikin 100. A ta uku mililita 2: 1 cikin 500. A ta huɗu mililita 1: 1 cikin 1,000. In ruwa ya yi wuya, a raba komai biyu a yi da rabin lita. Ka fara daga mai rauni zuwa mai ƙarfi don siringin kada ya kai ragowar kauri inda ba a so. Girgiza kowace sosai. Ta ukun da ta huɗun za ka gan su fari tas kamar ba a sa komai ba, zuciya za ta ce ka ƙara. Kada ka ƙara.

Gwajin faranti

Gani ya kori ji. Kafin ka taɓa irin da za ka shuka, ɗebi kaɗan ka gwada, mako biyu kafin lokacin reno, wato wajen farkon Oktoba ga mai noman rani.

Faranti shida ake buƙata, kowanne da ƙyalle ko takarda mai shan ruwa ninki biyu, da ƙwaya 50 na iri ɗaya daga ƙulli ɗaya. Ƙirga su, kada ka kintata, kuma kada ka zaɓi manya ka ba farantin da kake so ya ci. Huɗu na irin da aka jiƙa a ruwan kwalaben nan huɗu ne. Na biyar irin da aka jiƙa a ruwan banza daidai tsawon lokacin da aka jiƙa sauran. Na shida irin da ba a jiƙa ba sam. Farantin na biyar shi ne alƙali, kuma shi ake yawan mantawa. Jiƙa iri a ruwa zalla ma yana sa shi saurin fitowa, an daɗe da sanin haka kan gero da dawa a ƙasashen Sahel. Wanda ya gwada jiƙaƙƙen iri na ruwan hayaƙi da busasshe kawai, zai yaba wa hayaƙi kan aikin da ruwa ya yi.

Tsawon jiƙo ya danganta da iri. Gero da dawa awa 8, kada a wuce. Tumatir da tattasai da masara awa 12, a jiƙa da magariba a tsame da safe. Kuɓewa da yakuwa masu taurin baya suna ɗaukar awa 12 zuwa 24. Wake ba ya son dogon jiƙo, ɓawonsa saɓulewa yake yi, ni ba na sa shi. Salati kuwa ƙanana ne ƙwarai, ba a jiƙa su a kofi, sai a jiƙa ƙyallen farantin da ruwan kwalbar a baza su a kai. Sauran, bayan an tsame, a jera su kan ƙyallen da aka jiƙa da ruwan banza, a kife da wani faranti.

Wurin ajiya yana da muhimmanci a garin nan. Irin salati yakan ƙi tsirowa in zafi ya kai wajen digiri 30, kuma Oktoban Damagaram ya fi haka da rana. Gindin randa ne wurin da ya fi sanyi a yawancin gidaje, can nake jera nawa, kan jiƙaƙƙen rairayi, ina sauya musu wuri kowace safiya don kada ɗaya ya riƙa cin sanyi shi kaɗai. Ƙyallen ya kasance da danshi, ba ruwa kwance ba. A kiyayi tururuwa da kaji.

Ƙirga a rana ta 3, ta 5, ta 7 da ta 10, a lokaci ɗaya, ka rubuta a littafi nan take. Ƙwayar da farar saiwa ta leƙo kamar tsawon milimita 2 a rula, ita ce ta tsiro. Wadda ta kumbura kawai ba a lissafa ta. A rana ta ƙarshe ɗauki tsiro goma daga kowane faranti ba tare da zaɓe ba, ka auna tsawon saiwarsu da rula. A amfanin gona sau da yawa nan bambancin yake fitowa, don iri mai kyau zai tsiro ko da hayaƙi ko babu, amma saiwar wani ta fi ta wani tsawo da gashi. Duba launi ma: saiwar da bakinta ya yi ja-ja ta murɗe, ruwan ya yi mata kauri. Rubuta farantin da ya yi funfuna.

Wajen karanta sakamako a yi hankali. A ce farantin ruwan banza ya ba da 38, na 1 cikin 500 ya ba da 40. Wannan ba komai ba ne, ko faranti biyu na ruwa ɗaya sukan bambanta haka. A ce kuma wancan 25 ne wannan 39, to akwai magana, amma sai an maimaita sau biyu an ga abin ya tsaya. Abin da aka fi gani shi ne mai kauri ya danne, na tsakiya ya taimaka, mai rauni ƙwarai ya yi kusa da ruwan banza. In duka huɗun sun gaza ruwan banza, uwar ruwanka ta yi ƙarfi, ƙara sirkawa zuwa 1 cikin 2,000. In babu bambanci ko'ina, irin nan ba ya buƙata, ka huta.

A ganina ruwan hayaƙi ya fi cancanta a gwada shi kan irin gida, wanda aka ajiye daga bara ko bara waccan, da irin ganyayen daji da ake son a mayar garka. Irin gwangwani ko na leda da ya zo da hoda ja ko shuɗiya an riga an shafe shi da maganin funfuna. Jiƙa shi wanke maganin ne, ruwan kuma ya zama guba, a bar shi yadda ya zo.

Daga faranti zuwa fangali

In wata kwalba ta yi nasara, jiƙa irin shuka da ita daidai awannin da ka gwada. Tsame shi, ka baza a inuwa kan tabarma har ya daina manne wa hannu, ka shuka ranar, cikin ƙasa mai danshi. Irin da aka jiƙa ya riga ya farka, ba ya komawa barci lafiya, don haka ba a jiƙa irin da za a yi binne da shi kafin ruwa ya sauka. Shekarar farko raba fangali biyu gefe da gefe, ɗaya na hayaƙi ɗaya na ruwan banza, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, ka kafa kara a gefen kowanne don mantuwa. Abin da faranti ya nuna wani lokaci rana da ƙasa sukan shafe shi.

Kada ka yi ban ruwan fangali duka da shi. Irin ciyawa ma yana da kwadon nan na KAI2, kuma a Ostareliya an nuna giram kaɗan na karikin a kadada guda yana tashin irin ciyayin gona da ke kwance. Mai wayo zai iya juya wannan ya zama riba, ya yayyafa wa fangali mako biyu kafin shuka, ciyawa ta fito ya nome ta, amma ruwan da za a kashe a nan ba kowa ke da shi ba. Haka kuma kada wani ya ce tunda hayaƙi na tashin iri bari ya cinna wa karan gonarsa wuta. Kilo biyu na kara ya ba ka abin da zai sirka ɗaruruwan lita. Sauran karan ya fi amfani kwance a gona yana tare rairayin da iska ke kwashewa, ko a bakin dabba.

Akwai irin da hayaƙi ba ya yi wa komai, kuma su ne masu renon itatuwa suka fi tambayata a kai: gawo, bagaruwa, kuka, tsamiya. Barcinsu na ɓawo ne, ruwa ba ya ratsa su, to ta ina saƙon zai shiga? Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirya yawancinsa ta cikin akuya da saniya irinsa ya bi, sannan manoma suka bar tsiron ya girma. A wurin reno, a ɗan yanke gefen ɓawon da abin yankan farce, nesa da idon ƙwayar, ko a goga a dutse har fari ya leƙo. Bagaruwa akan zuba mata ruwan da aka sauke daga tafasa a bar ta ta kwana a ciki. Sai ta sha ruwa ta kumbura sannan maganar wani sinadari ta taso.

Ƙuduji kuma, da ke shanye geronmu, yana da dangantaka da wannan labari. Irinsa ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, dangin sitirigolakton, wanda aka fara warewa daga saiwar auduga a 1966. Shi ma yana da zoben butenolid, kuma kwadon da ƙuduji ke jinsa da shi daga KAI2 ya samo asali. Sai dai kwadon ya sauya siffa ya koma karɓar mabuɗin saiwa, don haka kada a ɗauki ruwan hayaƙi maganin ƙuduji.

Ragowar uwar ruwa a zuba ta a kwalbar gilashi mai duhu, ko a naɗe kwalbar da tsumma, a toshe sosai a ajiye a inuwa. Zafi bai cika damun karikin ba, hasken rana ne ke lalata shi. Kada a sa ta a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, launinta na shayi ne kuma yara ba sa tambaya. Rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa ba a sha, da ranar da aka yi, da abin da aka ƙona, da lambar sirkin da ya yi nasara kan wane iri. Wanda aka riga aka sirka ba a ajiye shi, a haɗa sabo duk ranar jiƙo. In kwalbar ta kai wata shekarar, a sake jera faranti uku a gindin randa, ruwan banza da sirkin bara da wanda ya ninka shi kauri, kafin a taɓa irin shuka.